Bangon Nawa Ne, Talabijin ɗin Nata

Duk wanda ya yi aure a Kano ya san rabon aikin, ko da ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa. Ango ya nemo muhalli, ya yi fenti, ya ja wuta da ruwa, ya haɗa lefe. Abin da zai cika ɗakunan kuwa, tun daga gado da katifa da kujeru har labule da ludayin miya, daga gidan su amarya yake fitowa. Uba ya sayar da fili ko ya ci bashi, uwa ta kwashe adashin shekara da shekaru, goggonni da ƙannen uwa kowacce ta kawo gudummawarta. Ana jibi ko gobe kai amarya mata su zo jere, su kori maza waje, su wuni suna gardamar inda kowane abu zai zauna. In sun tashi, gidan naka ne a takardar haya, amma duk abin da idonka zai sauka a kai na matarka ne. Wannan na san shi tun ina yaro, don na sha ɗaukar kwallaye a ka ranar jeren yayyena. Sanin dai bai hana ni abin da na aikata ba.

An ɗaura mana aure a ƙarshen 2022. Ni ma'aikacin ofis ne, Asabar da Lahadi nawa ne, kuma tun ina gwauro abu biyu ke cinye mini su: yawon ganin gari da kwance-kwancen kayan sauti. Da na yi aure sai na ce ai shi ke nan, na sami abokiyar yi. Ban tsaya na bincika ko ita ma haka ta ɗauki lamarin ba.

Yawon aka fara da shi. Na kai ta Dutsen Dala da hantsi, tana sanye da sabon leshi da takalmi mai tsini, ina gaba ina ba ta labarin Barbushe da Tsumburbura, tana baya tana neman inda za ta dafa. Na kai ta Gidan Makama, na tsayar da ita a gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ina yi mata bayanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Muka je Tiga, nan ma ban bar ta ta kalli ruwan da idonta ba sai da na cika mata kunne: an gina madatsar tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir ɗin da take jajjagawa ma wataƙila daga can ya fito. Lokacin ana tsakiyar wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, har sai da muka yi zaman jiran taransifa ta shiga kafin mai gasa kifi ya sallame mu. Muka je Daura muka leƙa rijiyar Kusugu. Duk inda na ambata sai ta ce to, ta ɗauko mayafi. Ni kuwa ina ta yaba kaina a zuci, wai ga ango ɗan zamani wanda ba ya kulle mace a gida.

Tafiyar da ta fi tsaya mini a rai yanzu ita ce ta Birnin Kudu. Na daɗe ina son ganin zanen da mutanen dā suka yi a jikin duwatsun can, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, galibi hotunan shanu masu dogayen ƙaho, da kuma duwatsun nan da in an ƙwanƙwasa suke amsawa da amo. Mai zuwa Birnin Kudu daga Kano ta Wudil yake bi. A Wudil ɗin kuma Goggonta take, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tana ƙarama. Da muka hau gada ta ce, cikin sanyin murya, "Malam, gidan Goggo fa nan ne bayan kasuwa." Na ce rana na yi, sai a dawowa. A dawowa magariba ta kawo jiki, na ce ba na son tuƙin dare, wani satin ma zo musamman. Satin nan bai zo ba. Kowa kuwa ya san abin da ake jira daga sababbin ma'aurata: bayan biki ya lafa, a zaga dangi a yi bangajiya, musamman waɗanda suka yi ɗawainiya. Ni na je na gaida shanun jikin dutse.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600. Motata ta koma ta zuwa ofis kawai, wani lokacin ma sai na ajiye ta na hau adaidaita. Da yawo ya gagara, sai duk ƙaiƙayin hannuna ya dawo falo.

A nan ya kamata in ɗan tsaya, don wanda bai taɓa kamuwa da wannan ciwo ba zai ɗauka hauka ne zalla, alhali akwai ilimi a ciki, kuma ilimin ne ke ruɗar mutum. Abin da ake kira 5.1 lasifika biyar ne da wufa ɗaya. Biyu a gaba, hagu da dama, kowacce ta karkace kamar digiri 30 daga inda mai kallo ke fuskanta. Ɗaya a tsakiya, daidai ƙasan allo ko samansa, ita ce ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa. Biyu a gefe sun ɗan koma baya, wajen digiri 110, su ne ke kawo ƙarar ruwan sama ko motar da ta wuce ta bayanka. Wufa kuma aikinta gurnani: duk sautin da ya yi ƙasa da kimanin haz 80 ita ake tura wa, shi ne wanda ƙirji ke ji kafin kunne. In an haɗa su daidai, aka zauna a daidai wurin, wallahi akwai daɗi. Matsalar ita ce "daidai wurin" kujera ɗaya ce tak a duk falon, kuma kowa ya san wanda zai zauna a kanta.

Kayan a Sabon Gari na tsinto su ɗaya bayan ɗaya, duk na hannu. Amfilifayar an yi ta ne don kasuwar Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, tamu kuwa 230, don haka sai da na haɗa mata da taransifoma mai rage wuta, wani baƙin ƙarfe mai nauyi da ke gunji ƙasa-ƙasa yana ɗaukar zafi. Na koyi cewa in ka jona lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya sun koma om 4, amfilifaya ta wahala ta yi ta kashe kanta. Na koyi cewa juya jar waya da baƙa a lasifika ɗaya kawai ya isa ya tsotse nauyin sautin duka. Waɗannan duk na koye su da kyau, har ina koya wa abokai.

Sai na juyo kan ɗakin. 'Yan jere sun jingina kujeru da bango, kamar yadda ake yi a kowane gida, don a sami filin shimfiɗa tabarma in baƙi sun yi yawa. Ni lissafin digiri ya ce a'a. Na janyo doguwar kujera tsakiyar falo. Na matsar da shogilas daga kusurwar da aka ajiye shi na kawo shi bangon gaba, don wufa ta samu kusurwar, tunda a kusurwa gurnaninta ke ƙaruwa. Na lura tayil da bangon siminti suna mayar da sauti, magana na fita da amsa-kuwwa, na kuma karanta cewa abu mai laushi da kauri ne ke shanye shi. Sai na shiga ɗakin kwana na ɗauko babban bargonta, sabo fil a jakarsa, na buga masa ƙusa a bangon baya. Ta fito daga kicin ta gani, ta yi shiru, ta koma. Na ɗauka shirun na sha'awa ne.

Saura talabijin. Yana zaune a kan teburinsa, inda lasifikar tsakiya ya kamata ta zauna. Na yanke shawarar ɗaga shi bango. Na sayo maƙalin ƙarfe mai hannu, irin wanda ake janyowa gaba a juya shi hagu ko dama, na ari injin huda bango wajen maƙwabci. Mai sayar da maƙalin ya ce in nemi mai haɗawa, na ce ai ni ne mai haɗawar. Bangon gidajenmu na yanzu bulo ne mai rami, fatarsa ba ta da kauri, in kuma an yi rowar siminti wajen buga shi da ɗan yatsa ma sai ka marmashe shi. Irin wannan bango ana nema masa noti mai buɗewa a ciki, ko a fasa a cika ramin da kankare a jira ya bushe. Ni 'yan robobin nan na fisha na cusa. Huda ɗaya ta sama ta yi faɗi, robar na yawo a ciki, sai na cike gefen da tsinken ashana. Na ɗaure, na girgiza da hannu, na ce ko giwa ce ta hau. Abin da ban lissafa ba, ni mai lissafin digiri, shi ne duk sanda aka janyo hannun maƙalin gaba, nauyin talabijin ɗin ninkuwa yake a kan notunan sama, yana fizgar su waje.

Wani abin dariyar, in abin dariya ne, mafi yawan abin da ake kallo a gidan ba a ma yi shi don lasifika shida ba. Ita Dadin Kowa take bi da Kwana Casa'in da Labarina, sai wa'azi da girke-girke a YouTube. Irin waɗannan sautinsu hanya biyu ne, hagu da dama. Duk wayoyin da na zagaye falon da su ba su ƙara wa maganar 'yan wasan komai ba sai ruri. Don jin abin da na kashe wa kuɗi sai na nemo finafinan yaƙi na Amurka, in ƙure murya, kofuna na rawa a shogilas, ina waigowa ina tambayarta, "Kin ji jirgin nan ta baya?" Ta ce ta ji.

Wata Asabar bayan Babbar Sallah, da la'asar, na janyo talabijin ɗin gaba don in canza wata waya a bayansa. Ban ji ƙarar komai ba sai wani ɗan ƙus, sai garin bulo ya zubo mini a hannu. Notunan sama biyu suka fito tare da robobinsu da tsinken ashanar. Talabijin ya kifo da fuska, ya daki saman shogilas ɗin da ni na kawo shi wurin, gilashin ya tarwatse, shantar sama ta rufta kan ta ƙasa. Garin neman gira an rasa ido.

Ta fito da gudu, hannunta duk kumfar sabulu. Abin da ta fara cewa shi ne, "Innalillahi. Ba ka ji ciwo ba dai?" Sannan ta durƙusa tana tsince tangaran. A cikin abin da ya fashe akwai wasu farantai da kofunan shayi masu zanen fure, tsofaffin yayi, waɗanda ban taɓa ɗaga ido na kalla ba. Na jeren mahaifiyarta ne. An adana su shekaru masu yawa ba a ci abinci a ciki ba, ana jiran ranar aurenta.

Da a nan na tsaya, da tsautsayi za a kira shi, ko ganganci. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce bulon gidan nan ne ba shi da kyau, masu gidajen haya ba sa tsoron Allah. Da dare kuma na ce mata in wani daga gidansu ya zo ya tambaya, ta ce an kai gyara, kafin in san yadda zan yi. Wato na fasa mata kaya, sannan na ɗora mata aikin yi wa iyayenta ƙarya don a rufa mini asiri. Ta kuwa yi. Ƙannenta sun zo sun tambaya, ta ce yana wajen gyara. Na ji ta da kunnena daga ɗaki, kuma a lokacin sauƙi na ji, ba kunya ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin nauyinsa fiye da fashewar.

Ba a jima ba Goggo ta zo da kanta daga Wudil, a motar haya, da ƙullin daddawa da man shanu a galan. Na dawo daga masallaci na tarar da takalmanta a ƙofa. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ta amsa da sakin fuska, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Tana zaune a tabarma, don ta ƙi hawa kujerar da ke tsakiyar ɗaki, ta ce ita ba ta iya zama a bar bayanta a buɗe ba. Idonta ya bi wayoyin da ke bin gefen bango, ya tsaya a kan bargon, ya dawo kan ramuka huɗu da ke bangon gaba.

"An ce talabijin yana wajen gyara," in ji ta.

Na ce, "E, Goggo." Sai na kasa ci gaba. Na ce, "A'a, Goggo. Fashewa ya yi. Ni na fasa shi."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta ce, "Ɗan nan, san da na sayar na sayi abin nan, tun yana maraƙi nake turke da shi. Dusa da harawa da kaina nake zuba masa. Ranar Juma'ar da aka kai shi kara ban iya cin abinci ba. Amma ba wannan ya dame ni ba, kaya ai na fashewa ne, mu ma da muka saya tafiya za mu yi. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da za ka cire shi daga inda muka ajiye, ka ce mata za ka cire?"

Na yi shiru.

"To. Ita kuma 'yar nan ban koya mata ƙarya ba. Kada ka koya mata." Ta ɗan numfasa, sannan ta ƙara da cewa, kamar abin bai dame ta ba, "An ce mini an ga motarku a gada kwanakin baya. Na ce ƙila ba ku ba ne."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba. Ta ci abinci, ta yi la'asar, ta ce in kai ta tasha. Har ranar ban san cewa talabijin ɗin gudummawarta ce ba. Ban taɓa tambayar wa ya kawo me ba, alhali kowane abu a falon nan da sunan mai shi a bakin matata.

Da daddare na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun watanni. Amsoshin ba su zo a jere ba, sai da na yi ta jira. Ashe tun ranar da na haɗa kayan sautin ba ta ƙara kallon talabijin ɗin da rana ba. Na kashe lasifikar jikinsa na mayar da sauti ta amfilifaya, sai an bi rimot uku a jere kafin a ji magana, kuma in an ɗauke wuta 'yar inbatarmu ba ta iya ɗaukar amfilifaya da taransifomarta. Wuta kuwa kowa ya san halinta. Don haka amarya, a unguwar da ba ta san kowa ba, daga safe har yamma ita kaɗai, sai ta koma ɗaki ta kalli shirinta a waya da datar da take saye daga kuɗin da ake ba ta na kanta. Talabijin inci arba'in da wani abu na rataye a bango ba ya magana. Ashe ranar Dala ƙafarta ta yi kwanaki tana ciwo. Ashe in ƙawayenta sun zo kunya take ji, don babu inda za a baje a yi hira, ga bargo a bango kamar gidan da ake ɓoye tsaga.

Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Malam, daren da za a kawo ni, kowacce tsohuwa abu ɗaya ta faɗa mini: yi na yi, bari na bari. Kai kuma in ka fara bayani ba ka barin ƙofar da mutum zai shigo. Kuma na ga kana jin daɗi."

A nan ne na ga inda lissafina ya karkace tun daga tushe. Na ɗauka tunda ban hana ta komai ba, ban zage ta ba, har fita nake da ita, to na gama adalci. Amma yarinyar da aka yi wa wannan huɗuba, a watanninta na farko a gidan miji, ba za ta ce a'a ba ko da an tambaye ta sau ɗaya. Sai an tambaya, an sake, an nuna mata cewa a'ar ba za ta zama laifi ba. Ni ko sau ɗayan ban yi ba. Sanarwa nake yi, in kira ta shawara. Malamai kuma kullum suna faɗa a wajen ɗaurin aure cewa dukiyar mace tata ce, zama a kan kujerarta ba ya mayar da kujerar taka. Ina jin wannan ina gyaɗa kai, a zatona da masu sayar da gadon matansu ake.

Biyan bashin bai zo da sauƙi ba. A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan waje duk suka tashi, irin talabijin ɗin da Goggo ta saya ya yi tsadar da ban zata ba. Na mayar da amfilifaya da wufa da taransifoma Sabon Gari, aka saya a wulaƙance kamar yadda ake sayen kayan wanda aka ga yana cikin matsi. Na cika da albashi, muka ɗan ja ɗamara a cefane. Na nemi shawararta a kan wanda za a saya da inda za a ajiye. Ta ce a kan teburinsa. Mai gyaran gilas ya gyara shogilas, ya koma kusurwarsa, kujeru suka koma jikin bango, bargo ya tafi wajen wanki da ramukan ƙusa a gefensa. Farantan mahaifiyarta kam babu kasuwar da ake sayar da su. Sai da na je da kaina na durƙusa na faɗa, ta ce ba komai, Allah ya tsare gaba, amma na ga yadda ta ɗan kau da kai kafin ta faɗa.

Wudil muka fara zuwa, a motar haya, da goro da turmin atamfa. Goggo ta sa aka yanka mana zakara, ta nuna mini turken da san ya zauna, yanzu da wani ɗan maraƙi a wurin, na auren ƙanwar matata. Lasifika biyu daga cikin waɗanda suka rage matata ta ce kada a sayar, in haɗa mata su a kicin da ƙaramar rediyo don ta riƙa jin shirye-shiryen safe tana aiki. Na haɗa, bayan na tambaye ta a wane bango. Tiga kuwa ta ce tana so a koma in mai ya yi sauƙi, don kifin ya yi mata daɗi, amma da ƙannenta biyu, da kular shinkafa, da silifas, kuma ban da laccar Audu Bako.